Daga Manyeton Mushe Zuwa Salular Aji: Tarihin Wasa da Murya a Nijar

Wata rana da yamma, bayan an tashi yara, wani uba ya same ni a bakin lakwal a nan Gougaram. Muka yi gaisuwa mai tsawo irin ta mutanen nan, muka tambayi gida da dabbobi da sanyi, sannan ya kawo abin da ke tafe da shi. Ya ce, "Mushe, an ce mini ɗana kukan jaki yake yi a aji, kai kuma kana riƙe masa salula." Na ce gaskiya ne, an yi haka. Ya yi shiru, ya gyara amawalinsa, ya ce shi dai ya raba yaron da awaki ne don ya koyi karatu, in kuwa kukan jaki ake nema, akwai jakai a gida.

Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya haƙura da makiyayi guda a cikin gidansa yana da haƙƙin ya tambayi abin da ake yi da lokacin ɗansa. Na ba shi amsar da ta zo bakina a lokacin, amma ni kaina ba ta gamsar da ni ba. Shi ya sa na zauna na bi sawun wannan al'amari na wasa da murya a gaban makirufo, ko mikoro kamar yadda muke cewa a nan, don in san ko ni na ƙago shi ne saboda lalaci, ko kuwa gado ne. Abin da na tarar shi ne wasan ya girme ni, ya girmi salula nesa ba kusa ba, kuma kusan duk inda na ɗaga a tarihinsa a ƙasar nan sai in ga malamin makaranta a tsakiya.

Kafin kowace na'ura, muryar kwaikwayo tana ɗakin kaka. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ba a yin Gizo da muryar da ake yin Kura. Gizo tsamin baki gare shi, harshensa ba ya ɗaukar wasu haruffa, kuma daga wannan karkacewar ce yaro ke gane cewa maƙaryacin ya iso tun kafin a faɗi sunansa. Kura daga maƙogwaro take magana, da haɗama a ciki. Kakata, Allah ya jiƙan ta, in Dodo zai yi magana sai ta kifa ƙoƙo a bakinta, muryar ta fito kamar daga rijiya, mu kuwa mu cure wuri ɗaya. Ku tuna kuma da dare ake tatsuniya, fitila ta yi ƙasa ko ma an kashe ta, ba a ganin fuskar mai bayarwa. Wato wasan kwaikwayo ne na kunne zalla. Yaran Abzinawa da nake koyarwa su ma suna da nasu na dila da kura da Tamajak, kuma da dare suke jin su. Ga ƴan tashe da azumi, yaro ɗan shekara goma ya koma tsoho mai gemu har da rawar murya. Ga ƴan kama da ke ɗaukar muryar malami mai wa'azi su juya ta ga zancen tuwo. Duk wannan rediyo ya zo ya tarar da shi.

Takarda ce ta fara yi wa muryar asara. Tsakanin 1911 da 1913 wani jami'in mulkin mallaka na Ingila, Frank Edgar, ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa a juzu'i uku, daga abin da malamai suka rubuto da ajami. Aiki ne babba, ba don shi ba da tatsuniyoyi da yawa sun bi tsofaffi kabari. Amma buɗe shi ka karanta, za ka ga Gizo da Kura da Zaki duk tawada ɗaya suke magana da ita. Labarin ya tsira, muryar ta tsaya a waje. Makarantar boko kuwa, musamman ta ɓangarenmu na Faransa, a kan takardar ta ginu. Abin da aka bar wa bakin yaro shi ne haddar resitasiyo, hannu a ƙirji, ido a sama, da kuma sambol ɗin nan da ake rataya wa wanda ya kuskura ya yi harshen gidansu. Iyayenmu sun sha shi, mu ma mun tarar da wutsiyarsa.

Abin mamaki, wani wurin da aka sakar wa ɗan Nijar makirufo ya yi wasa da shi yadda yake so, ba a Nijar ba ne. A Abijan ne, a unguwar Treichville, inda samarinmu ke zuwa ci-rani suna dako a tashar jiragen ruwa. A 1957 Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki hoton rayuwar wasu daga cikinsu. Kyamararsa ƙarama ce, irin wadda ake murɗa wa wani, ba ta ɗaukar sauti tare da hoto. Da aka gama haɗa fim ɗin sai ga mutane suna motsa baki babu magana. Maimakon ya rubuta bayani ya karanta da kansa daga farko har ƙarshe, sai ya zaunar da babban ɗan wasan a gaban makirufo, ya haska masa hotunan, ya bar shi ya faɗi abin da ya zo masa. Saurayin nan shi ne Oumarou Ganda, ɗan Yamai, wanda ya yi wa Faransa soja a yaƙin Indochine ya dawo hannu rabbana. A fim ɗin ya ɗaukar wa kansa sunan wani ɗan wasan Amurka, Edward G. Robinson, abokinsa kuma ya zama Eddie Constantine. Yana kallon kansa yana magana, wani lokaci da bakin ɗan dako, wani lokaci da bakin zakaran dambe da yake mafarkin zama, wani lokaci da bakin tsohon soja mai ɗacin rai. Fim ɗin, Moi, un Noir, ya fito a 1958 ya ci kyautar Louis-Delluc a Faransa, kuma masu sabon salon silima na can sun yarda sun koyi abu daga gare shi.

Haka aka yi da Jaguar, wanda aka ɗauka a tsakiyar shekarun 1950 amma bai fito ba sai 1967. Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel sun yi tafiya daga Nijar zuwa Gwalkwas, daga baya suka zauna suna kallon tafiyar tasu suna ba'a, suna gardama, suna yi wa juna tsiya a makirufo. Wannan hirar tasu ita ce ran fim ɗin. In ka cire ta, hoton ƴan ci-rani ne kawai suna tafiya a hanya.

Na daɗe a kan Ganda ne saboda abin da ya biyo baya. Mutumin da aka ce wa "yi wasa da muryarka" ya koma gida ya zama mai shirya fim da kansa. Ya yi Cabascabo a kan tsohon soja irinsa, sannan Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita. Ya rasu a farkon 1981, kuma cibiyar al'adu ta Yamai da sunansa ake kiran ta har yau. A zamanin ne kuma Moustapha Alassane, wanda daga baya ya zauna a Tawa, ya riƙa zana kwaɗi yana motsa su, kamar a Bon voyage Sim na 1966, inda kwaɗo ne shugaban ƙasa mai zuwa ziyarar aiki. Zane ba ya da sauti sai wanda mutum ya ara masa.

Amma abin da ya fi shafar mu malamai ya faru ne a rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957. Rediyon Nijar ya fara a 1958, shekara biyu kafin ƴancin kai, shi ne daga baya ya zama La Voix du Sahel, Muryar Sahel. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, Association des Radio-Clubs du Niger. Tsarin nasu mai sauƙi ne, amma a wancan zamani sabon abu ne ƙwarai. Za a zaɓi batu, misali kiwon lafiya ko noma ko karatun yara. A kowane gari da ke da kulob akwai mai jagora, kuma da yawansu malaman makaranta ne, sai ma'aikatan asibiti da na gona. A ba shi manyeto, ya shiga gari ya naɗi abin da mutane ke cewa da bakinsu. A aika zaren zuwa Yamai, a tace, a haɗa shiri da harsunan ƙasa. Ranar da za a sa shi ƴan kulob su taru gindin akwatin rediyo ɗaya su saurara, su tattauna, mai jagora ya rubuta rahoto ya mayar.

Ku dubi wannan da kyau. Mushe, wanda da safe shi kaɗai ke magana yara sittin suna shiru, da yamma shi ne mai riƙe makirufo yana shiru manomi na magana. Shugaban ƙasar lokacin, Diori Hamani, malamin makaranta ne, haka ma shugaban majalisa Boubou Hama, don haka ba abin mamaki ba ne da aka ɗora wa malamai wannan kaya. Ba zan yi wa zamanin kwalliyar da ba tasa ba. Mulkin jam'iyya ɗaya ne, an haramta Sawaba tun 1959, kuma almakashin yana Yamai. Ba duk abin da talaka ya faɗa wa manyeto ba ne ya fito a iska. Duk da haka, a karon farko tsoho a ƙauye ya ji muryar tsoho irinsa ta fito daga akwatin da a da sai gwamna da mawaƙin sarki.

Duk wanda ya taɓa miƙa wa dattijo makirufo ya san wahalar da waɗancan malamai suka sha. Mutumin da yanzun nan yake ba ka labari kuna dariya, da ya ga ƙarfen a gaban bakinsa sai ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya fara jawabi irin na tarbar kwamanda. Muryarsa ta gaskiya ta gudu. Ba ta dawowa sai an yi raha, an bar shi ya kwaikwayi yadda mai awon gyaɗa ke magana, ko yadda matarsa ke kiran kaji, ya ji kansa, ya yi dariya, ya manta da na'urar. Wasan shi ne ƙofar. Wannan na gani da idona sau da yawa, a kan manya da yara.

A 1964 aka zo da talabijin na makaranta, gwajin da aka yi da taimakon Faransa, ana koyar da ƴan firamare ta akwatin tele da gajerun wasanni. Yaran sun saki baki, amma da Faransanci kaɗai, kuma abin bai yaɗu ya game ƙasa ba. Kayan aikinsa ne suka zama harsashin Télé Sahel a ƙarshen shekarun 1970. Makarantar gwaji ta farko da ta koyar da Hausa tare da Faransanci kuwa a Damagaram aka buɗe ta, a 1973.

Damagaram ɗin nan dai ita ce ta ba mu gwanayen wasa. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya farfaɗo da Samariya, aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976, kowace jiha tana kawo wasan kwaikwayonta. A nan Yazi Dogo da abokan wasansa suka yi suna, kuma shi ma malamin makaranta ne. Salon aikin ƙungiyoyin lokacin shi ne a zauna a shirya ƙashin labari, a raba wa kowa matsayinsa, amma ba a rubuta wa mutum kalmomin da zai faɗa. Kowa ya nemo muryar alhajinsa ko ta ma'aikacin ofis ɗinsa a wurin gwaji, yau a gwada haka, gobe a canza. Ina yaro mun sha zama a ƙasa gaban talabijin ɗin unguwa muna kallonsu, washegari kuma a filin lakwal kowa ya zama Yazi Dogo. Babu malamin da ya sa mu, babu kuma wanda ya ga cewa darasi ne muke yi.

Daga kudu kuma Rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, yana shigo mana ba tare da ya tsaya a kan iyaka ba. Can ne Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya gina Samanja Mazan Fama a kan murya ɗaya, Hausar bariki mai gauraye da Turancin soja, ana jin ta an san waye. Ya rasu a Nuwamba 2023. Zan dawo kan irin wannan kwaikwayon harshe, don akwai ƙaya a cikinsa.

Mu nan arewa, makirufo ya iso mana ne ta wata hanya dabam. Arlit gari ne da yuraniyom ya haifa. An kafa SOMAIR a 1968, ta fara fitar da ƙarfe a 1971, aka kafa COMINAK a 1974, Akokan ta tashi a gefenta. Ma'aikata suka zo daga Maraɗi da Damagaram da Doso da Tawa, suka haɗu da Abzinawan da suka tarar, Hausa ta zama harshen kasuwa da tasha. Mutum yana nesa da gida kwana da kwanaki, shi bai iya rubutu sosai ba, tsohuwarsa ba ta karatu ko kaɗan. Sai kaset ya zama wasiƙa. Kawuna yana cikinsu. Yakan zauna gaban rakoda ya gaida kowa da sunansa, har da jaririn da bai gani ba, ya ba direba ya kawo mana ta hanyar Tawa. Ranar da kaset ya iso gidanmu kamar sallah. A shimfiɗa tabarma, a nemo pil, a saurara sau uku. Sannan a juya bayansa a naɗa amsa.

A nan ne na fara tsayawa gaban makirufo, ina ɗan shekara takwas ko tara. Aka ce in gaida kawu, bakina ya ƙi buɗuwa. Yayata ta ce to yi masa yadda Inna ke faɗa in akuya ta shiga rumbu. Na yi. Gida ya kwashe da dariya har Inna ɗin, kuma daga nan na yi gaisuwar tiryan-tiryan. Da aka mayar da zaren na ji wani yaro mai siririyar murya yana magana, na rantse ba ni ba ne. Sai a makarantar horon malamai na san dalili. Mutum yana jin muryarsa ta hanya biyu, ta iska da kuma ta ƙasusuwan kansa, waɗanda ke ƙara mata kauri. Na'ura ta iskar kaɗai take kamawa, wato abin da sauran mutane ke ji. Har yau duk ajin da na fara naɗa, sai an sami wanda ya rantse ba shi ba ne.

Kaset ɗin nan ya ɗauki abin da ya fi gaisuwa nauyi. A shekarun tawaye na 1990, waƙoƙin gita na irin su Abdallah Oumbadougou hannu da hannu suke yawo a kaset, a ɓoye, har aka kai ga yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995. Mutanen yankin nan sun san murya a zare ba abin wasa ba ce kawai, tana iya ja wa mutum magana. Ina jin wannan ma yana cikin abin da ke sa wasu iyaye ɗari-ɗari in sun ji an naɗi ɗansu, kuma ya kamata malamin da aka turo daga kudu ya san haka.

Bayan buɗe fagen siyasa aka sami gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani, sannan a ƙarshen shekarun 1990 aka fara rediyon karkara mai aiki da hasken rana a Bankilare, yau ga su sama da ɗari a faɗin ƙasa. Studio Kalangou, da ya fara a 2016, yana shirye-shirye da Hausa da Zabarmanci da Tamajak da Fulatanci da Faransanci. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana neman mutumin da zai iya zama gaban makirufo ya karanta sanarwa ba tare da ya sa mai sauraro barci ba. A yankin da aka rufe COMINAK a Maris 2021, ba na raina kowace irin sana'a.

Yaran yanzu kuwa malaminsu na murya yana Kano. Fina-finan Indiya da ake juya wa baki zuwa Hausa, waɗanda kowa ke kira fassarar Algaita ko da wani ɗakin ne ya yi su, sun cika katin ƙwaƙwalwar kowace salula a Arlit. Mutum ya zauna a ɗaki da makirufo yana kallon leɓen ɗan wasan Indiya, yana cusa masa Hausar Kano da barkwancin ƴan tasha. In ka duba, aikin da Ganda ya yi ne a Abijan, bambancin kawai shi kansa yake sa wa murya. Ina da ƙorafi a kan wasu kalmomin da yara ke kwasowa daga ciki, kuma ba kowane fim zan bar ɗana ya kalla ba. Amma na ga yaron da ba ya iya karanta layi biyu a allo yana maimaita hirar mugu da jarumi ta minti biyar, murya biyu, babu tuntuɓe. Yaron da ya iya wannan ba daƙiƙi ba ne. Mu ne ba mu nemo ƙofarsa ba.

Abin da nake yi a aji ba shi da yawa, kuma ba ya wuce minti ashirin a mako. Salulata ce, tsohuwa. Nakan rataya mayafi a kusurwa, mai magana ya shiga baya. Wannan mayafin ya fi salular muhimmanci. Yaran nan an tarbiyyantar da su a kan kunya, abin da Abzinawa ke kira takarakit, kuma a al'adar da namiji ke rufe bakinsa a gaban surukinsa, tsayawa gaban mutum arba'in ka ɗaga murya ba ƙaramin abu ba ne. A bayan mayafi kuwa ba kai ba ne, Kura ce. Sai mu ɗauki jimla ɗaya daga littafin karatu, a faɗe ta da muryar tsohuwa, a faɗe ta da ta ɗan kamasho mai kiran fasinjan Agadas, a faɗe ta kamar mai sanarwar rasuwa a rediyo, a faɗe ta kamar mai raɗa kada jariri ya tashi. Baki ya yi nisan taƙi ɗaya da salula, a ɗan karkace, don kada iskar "fa" da "ba" ta buge ta. Wasu su yi ƙarar wuri: ƙoƙo biyu a kan yashi sun zama kofato, leda a murza ta zama wuta, faranti a girgiza ya zama hadari. Sannan mu saurara tare.

A wurin sauraren ne karatun yake. Na shekara ina cewa a tsaya a aya, a ɗan numfasa a waƙafi, ba a ji ba. Ranar da wata yarinya ta ji kanta ta karanta layi huɗu da numfashi ɗaya har ta shaƙe a ƙarshe, ita da kanta ta ce a sake. Alamar tambaya ma sai da suka ji bambancin mai tambaya da mai ba da umarni a kunnensu sannan ta zama wani abu ban da ƙugiya a takarda.

Yanzu ga ƙayar da na ambata. Wasan kwaikwayonmu na Hausa, daga dandali har fim, ya daɗe yana cin abinci da karyayyar Hausar wasu: ta Bafillace, ta Bayarabe, ta Bagwari, ta Buzu mai gadi. A Kano ko Maraɗi ana iya cewa wasan barkwanci ne tsakanin ƙabilu, kuma wani lokaci haka ne. A Gougaram, Hausar da ake yi wa dariyar ita ce ta mahaifin yaron da ke zaune a benci na biyu. Na taɓa sakaci wani ɗan ma'aikaci ya yi wannan muryar a bayan mayafi, rabin aji na dariya, rabi sun sunkuyar da kai. Laifina ne, ban kafa doka tun farko ba. Yanzu dokar biyu ce. Ana kwaikwayon dabba da sana'a da hali, har da ni mushe in an ga dama, amma ba a kwaikwayon harshen gidan kowa ko lalurar bakin wani. Kuma abin da aka naɗa ba ya fita daga salulata zuwa WhatsApp ko wani wuri, iyaye kaɗai ke iya zuwa su ji, a ƙarshen wata in goge.

Wannan ya ƙara nauyi tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ni Bahaushe ne, na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma wanda aka rataya wa iyayensa sambol saboda Hausa bai kamata ya zama mai rataya wa wani saboda Tamajak ba. Shi ya sa a bayan mayafin nan raƙumi yana da izinin yin Tamajak, jaki ya amsa masa da Hausa, mai ba da labari ya haɗa su da Faransancin littafi. Yaran suna fassara wa juna, ni ma ina tsintar kalmomi.

Shi ne ma abin da ɗan mutumin nan ya yi. Da uban ya sake zagayowa ranar kasuwa, na ce ya zauna ya ji da kunnensa. Minti biyu ne da ƴan daƙiƙoƙi. Jaki yana ƙorafin cewa shi ke ɗaukar ruwa amma raƙumi ake yi wa waƙa, raƙumi yana amsawa da girman kai, a ƙarshe yaron ya karanta layi huɗu na Faransanci, yana tsayawa a kowace aya. Wannan yaro ne da ya yi wata uku a ajina ban san kalar muryarsa ba.

Uban ya saurara bai ce komai ba, ya ce in sake sa masa. Da ya ƙare karo na biyu sai ya ce jakin ya yi, amma raƙumin nan bai taɓa ɗaukar kaya ba, don raƙumin da ake ɗaura wa kaya daga ciki yake gunaguni, ba daga hanci ba. Na miƙa masa salular na ce ko zai nuna mana. Ya dube ni kamar na ce ya cire rawani a kasuwa. Ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce ranar Asabar za su ɗaura kaya da asuba, zai tashi yaron ya tsaya kusa ya ji da kyau, in ya so ranar Litinin mu sake naɗawa.